Lokacin da Igwa ta Zo Karɓar Bashi: Benezuwela, Shagari da Shekarar 1903

A watan Maris na 1903 rundunoni biyu na Turawan Ingila suka haɗu a garin Shagari. Ɗaya ta taso daga Kano ƙarƙashin Kanar Morland, ta biyo ta Ƙauran Namoda da Bakura, ɗayar kuma ta fito daga Argungu. Daga nan suka fuskanci Sakkwato. Tsakaninsu da birnin ga ƙasar Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi zama, ga kuma Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya, inda Sakkwato ta faɗa hannunsu. Wannan labari ne da ba ya buƙatar a maimaita wa mutumin Boɗinga ko na Shagari.

Abin da ba a cika haɗawa da shi ba shi ne, wata guda kacal kafin wannan rana, gwamnatin Landan ɗin nan da ta turo Nasara ƙasar Hausa ta janye jiragenta na yaƙi daga bakin tekun wata ƙasa a Kudancin Amurka, bayan ta yi kusan wata biyu ta toshe mata ƙofa. Ƙasar ita ce Benezuwela. Laifinta kuwa bashi ne ta ci ta kasa biya.

Benezuwela ta wancan zamani ba ta san arzikin man fetur ba tukuna. Da gahawa da koko take ci. Farashin gahawa ya faɗi warwas a kasuwar duniya a ƙarshen shekarun 1890, ga yaƙin basasa da ba ya ƙarewa, wannan janar ya kori wancan, wancan ya tara mayaƙa ya dawo. A 1899 Janar Cipriano Castro ya sauko daga duwatsun yammacin ƙasar ya ƙwace Karakas, babban birni. Ya tarar da baitulmali wayam, da tulin takardun bashi.

Basussukan iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Na farko shi ne wanda gwamnati ta sa hannu ta ciyo. Akwai tsohon bashin masu kuɗin Landan, akwai kuma boliba (kuɗin ƙasar) miliyan 50 da aka ranto a 1896 daga wani bankin Jamus mai suna Disconto-Gesellschaft, wanda yawancinsa bai ma shigo ƙasar ba, ya tafi ne wajen biyan kamfanonin Turawa da suka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, musamman layin da Jamusawa suka gina daga Karakas zuwa Balensiya. Iri na biyu shi ne diyya. Duk Baturen da aka ƙone masa shago, ko sojoji suka kwashe masa alfadarai, ko aka kama masa jirgin ruwa a lokacin yaƙin basasa, sai ya rubuta abin da ya ce ya yi hasara ya kai wa jakadansa. Castro ya ce irin waɗannan ƙararraki kotunan Benezuwela ne za su duba su, kamar yadda suke duba na ɗan ƙasa. Turawa suka ce ba su yarda da kotunansa ba.

Akwai wani abin da ya ƙara dagula lamarin. A daidai lokacin da ake matsa wa Castro ya biya, yana fama da tawaye mafi girma a mulkinsa, wanda wani attajiri mai banki, Manuel Antonio Matos, yake jagoranta, kuma wasu kamfanonin ƙasashen waje suna ba Matos kuɗi, ciki har da kamfanin Amurka mai haƙar kwalta da ake kira New York and Bermúdez. Wato baƙi na hura wutar yaƙin, baƙi kuma na neman diyyar ɓarnar da yaƙin ya yi. Wannan ba ya wanke Castro. Mutum ne mai taurin kai da son shagali, ya taɓa ɗaure masu bankin Karakas ya zagaya da su titi don sun hana shi rance. Amma duk wanda zai yi wa wannan rikici hukunci na adalci sai ya ajiye wannan gaskiya a kan ma'auni.

Ranar 7 ga Disamba 1902 jakadun Ingila da Jamus suka miƙa takardar wa'adi, suka tattara nasu ya nasu suka shige jiragen ƙasashensu da ke tashar La Gwaira. Ranar 9 ga wata sojojin ruwan ƙasashen biyu suka kame ƴan jiragen yaƙin Benezuwela da ke tashar ba tare da wata turjiya ba, Jamusawa suka nutsar da biyu daga ciki. Castro ya fitar da sanarwa mai zafi, ya ce ƙafar baƙo mai girman kai ta keta alfarmar ƙasar, ya sa aka kama Ingilishi da Jamusawa sama da 200 da ke Karakas, sai da jakadan Amurka Herbert Bowen ya sa baki aka sake su. Italiya ma ta shigo da nata lissafin. Ranar 13 ga wata, bayan wasu fusatattun mutane sun far wa wani jirgin kasuwanci na Ingila mai suna Topaze a tashar Puerto Cabello, jirgin yaƙin Ingila ɗaya da na Jamus ɗaya suka yi wa ganuwar tashar ruwan wuta. Ranar 20 ga Disamba aka shelanta ƙawanyar a hukumance.

Me ake nufi da ƙawanya ta ruwa? Jiragen yaƙi ne ke tsayawa a bakin kowace tasha, babu shiga babu fita. Ingila ta riƙe La Gwaira da tashoshin gabas har bakin kogin Orinoko, Jamus ta riƙe Puerto Cabello da Marakaibo. Gahawa ta taru a sito, garin alkama bai iso ba, masu ƙananan jiragen fito da masunta suka rasa sana'a. Amma wuyan da aka nufa a shaƙe shi ne kwastan. Gwamnatocin wancan zamani ba su da wata babbar hanyar samun kuɗi da ta wuce harajin kayan da ke shigowa ta ruwa. Idan jirgi bai sauke kaya ba, soja ba shi da albashi.

Abin da ya faru a mashigar tafkin Marakaibo ya cancanci a tsaya a kansa. A wurin akwai wata tsohuwar ganuwa da Sifaniyawa suka gina tun ƙarni na 17, ana kiranta San Carlos, tana gadin wata siririyar hanya mai cike da rairayi. Ranar 17 ga Janairu 1903 wani ƙaramin jirgin yaƙin Jamus mai suna Panther ya yi ƙoƙarin kutsawa. Mutanen ganuwar suka buɗe masa wuta da igwa ƙirar Krupp, wadda ita ma a Jamus aka ƙera ta aka sayar musu. Ruwan bai da zurfin da jirgin zai juya yadda yake so, ya sha harsashi, ya ja da baya. Bayan kwana huɗu sai babban jirgi Vineta ya zo ya tsaya daga nesa, inda igwar ganuwar ba ta kaiwa, ya wuni yana luguden wuta. Ganuwar ta kama da wuta, garin da ke gefenta ma haka, farar hula 25 suka mutu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin takardar bankin Disconto, balle ya sa mata hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To me ya hana Benezuwela zama irin Masar? Tambayar tana da tushe, domin shekara ashirin kafin nan an ga inda irin wannan hanya take kaiwa. Sarkin Masar Isma'il ya ci bashin da ya kusa fam miliyan 100, ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na mashigar Suwes a 1875 kan fam miliyan 4, a 1876 aka kafa hukumar Turawa mai riƙe kuɗin shigar ƙasar don biyan masu bin bashi. Da hafsoshi suka yi bore ƙarƙashin Ahmad Urabi, jiragen Ingila suka ragargaza Iskandariya ranar 11 ga Yuli 1882, sojojin Ingila suka sauka, ba su gama fita ba sai 1956. Tunisiya ma ta ƙofar bashi aka shige ta: hukumar kuɗi ta Turawa a 1869, mamayar Faransa a 1881.

Ko a nan Afirka ta Yamma an ga irinsa. A 1876 Ingila ta ci Sarkin Dahomi Glele tarar ganga 500 ta manja kan rikici da wani ɗan kasuwarta, ya ƙi biya, aka toshe tashar Wida har cikin 1877. Ƴan kasuwar Faransa ne suka biya wani kaso na tarar, ba don ƙaunar Glele ba, sai don gudun kada Ingila ta zauna a wurin dindindin. Asante kuwa an ɗora musu diyyar oza 50,000 ta zinariya a 1874, kuma rashin cika wannan biya na cikin hujjojin da aka kafa aka kama Sarki Prempeh a Kumasi a 1896. Cikin sojojin da suka raka Turawa wannan tafiya akwai rundunar da ake kira ta Hausawa.

Benezuwela ta tsira ne don tana da maƙwabci mai kishi. Tun 1823 Amurka ta kafa aƙidar Monroe, wadda ta ce babu wata ƙasar Turai da za ta sake kama yanki a nahiyar. Shugaba Theodore Roosevelt da farko bai hana ƙawanyar ba. A Disamba 1901 ya faɗa a fili cewa aƙidar ba ta kare kowa daga horo in ya yi laifi, matuƙar horon bai zama ƙwace ƙasa ba. Amma Jamus ta Sarki Wilhelm na Biyu tana gina rundunar ruwa cikin gaggawa, kuma a 1897 ta fake da kisan wasu ƴan mishan biyu ta kama tashar Kiyawco a Sin, ta karɓi hayarta ta shekara 99. A Washinton ana tsoron kada a wayi gari Jamus ta samu sansani kusa da inda Amurka ke shirin haƙa mashigar Panama. Shi ya sa Admiral Dewey na Amurka yake zaune kusa da Puerto Rico da jiragen yaƙi kimanin 50, da sunan atisaye. Daga baya Roosevelt ya ce ya yi wa Jamus kashedi a asirce cewa ta yarda da sulhu ko ya tura Dewey, maganar da masana tarihi suka daɗe suna jayayya a kanta. Jiragen dai suna nan, kowa kuma ya gan su.

A Landan ma wuta ta kama gwamnatin Firaminista Balfour. Jaridu da majalisa suka yi ca: don me za a haɗa kai da Jamus, wadda ta yi ta zagin Ingila lokacin yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, a ɓata da Amurka saboda ƴan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba? Harin San Carlos ya ƙara rura wannan fushi. Masu ƙawanyar suka fara neman hanyar fita.

Ranar 13 ga Fabrairu 1903 aka sa hannu kan yarjejeniya a Washinton. Wanda ya wakilci Benezuwela ba ɗan ƙasar ba ne, jakadan Amurka Bowen ne. Aka ba Ingila da Italiya fam 5,500 kowace a matsayin kafin alƙalami, aka yi wa Jamus alkawarin kimanin dala 340,000 cikin ƴan watanni. Babban sharaɗin shi ne ware kashi 30 cikin 100 na kuɗin kwastan na La Gwaira da Puerto Cabello don biyan masu da'awa. Manomin Boɗinga da ya taɓa ba da gonarsa jingina ya san ma'anar wannan: gona tana nan da sunanka, amfanin yana tafiya rumbun wani, kuma kai ba ka da ta cewa sai ranar da ka fanshe ta.

Da kwamitocin haɗin gwiwa suka zauna a Karakas suka bi takardun diyyar ɗaya bayan ɗaya, abin da suka tabbatar bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nema ba. Wannan adadi kaɗai ya isa shaida. An nutsar da jirage, an kashe mutane, kan lissafin da yawancinsa aringizo ne.

Kwana goma kafin a sa hannu a Washinton, ranar 3 ga Fabrairu, Kano ta faɗi. A nan ya kamata a faɗi magana yadda take: Daular Sakkwato ba ta ci bashin kowa ba, babu kuma teku a kusa da ita. Hujjar da Gwamna Lugga ya riƙe ita ce kisan Kyaftin Moloney da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya yi a Oktoba 1902, da karɓar da Sarkin Kano Alu ya yi wa Ɗan Yamusan. Amma abin da ke ƙarƙashin hujjar shi ne dai abin da ke ƙarƙashin rikicin Benezuwela, wato tsere tsakanin manyan ƙasashe. A 1898 Ingila da Faransa sun zauna a Paris sun ja layi mai lanƙwasa, mil 100 daga birnin Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, alhali babu Baturen Ingila ko ɗaya da ke mulki a wurin. Faransawa sun riga sun kama Damagaram a 1899. Kwamitin shata iyaka yana tafe, Lugga kuma ba ya son Faransa ta gane cewa ikon da Ingila ke da'awa a takarda kawai yake. Ya yi gaggawa, har ma'aikatar mulkin mallaka a Landan ta nuna rashin jin daɗin yadda ya sha gabanta.

Bambancin a bayyane yake. A Benezuwela kishin manya ya zama garkuwa, don akwai babba ɗaya da ba ya son sauran su sauka. A ƙasar Hausa manyan sun riga sun raba abin a tsakaninsu, saboda haka kishin ya zama bulalar da ta hanzarta mamaya. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda bai fi wata biyar a kan gado ba, bai da wani Dewey a bayansa. Ya fita ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. A shekarar da ta biyo baya Ingila da Faransa suka sake zama suka gyara layin don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram, kuma wannan gyara ne asalin kasancewar Birnin Ƙonni a Nijar, Illela a Najeriya. Jirgin nan Panther ma daga baya ya iso Afirka: shi ne Jamus ta tura tashar Agadir ta Maroko a 1911, rikicin da aka kashe ta hanyar yanka wa Jamus wani yanki na Kwango.

Ita ma garkuwar Benezuwela ba kyauta ba ce. A Fabrairu 1904 kotun sulhu ta Heg ta yanke cewa ƙasashe ukun da suka yi ƙawanya su za a fara biya kafin sauran masu bin bashi da suka yi haƙuri. Hukunci ne mai muni, domin ya koya wa duniya cewa mai igwa shi ke gaban layi. Roosevelt ya karanta shi haka, kuma a Disamba 1904 ya shelanta cewa daga yanzu Amurka ce za ta riƙa ladabtar da maƙwabtanta da kanta, don kada Turawa su samu dalilin zuwa. A 1905 jami'an Amurka suka karɓi kwastan na Jamhuriyar Dominika. Nikaraguwa da Haiti suka biyo baya, har da saukar sojoji.

Murya mafi daraja a duk rikicin ta fito ne daga Ajantina. Ranar 29 ga Disamba 1902 ministan harkokin wajenta, Luis María Drago, ya aika wa Washinton takarda yana cewa bashin gwamnati ba zai taɓa zama hujjar kai wa ƙasa hari ko mamaye ta ba, domin mai ba da rance ya san haɗarin da ya ɗauka, kuma ya riga ya saka shi cikin kuɗin ruwa. A taron Heg na 1907 aka amince da wani ɓangare na wannan ra'ayi, aka hana amfani da ƙarfi wajen karɓar bashi sai in ƙasar ta ƙi zuwa sulhu. Shi kuwa Castro, a 1908 ya tafi Jamus neman magani, mataimakinsa Juan Vicente Gómez ya hana shi dawowa. Gómez ne ya biya bashin waje gaba ɗaya a 1930 da kuɗin man fetur.

Yau ba a turo jirgin yaƙi karɓar bashi, amma bin bashin bai mutu ba, kotu ya koma. A Oktoba 2012 wani kamfanin Amurka mai sayen basussukan ƙasashe, NML Capital, ya sa kotun Gana ta tsare jirgin horar da sojojin ruwan Ajantina, Libertad, a tashar Tema, sai da kotun teku ta duniya ta sa baki aka sake shi a Disamba. Ƙasar Drago ke nan, bayan shekara 110. A Agusta 2024 kuma wata kotun Faransa ta ba da umarnin riƙe jiragen sama uku na fadar shugaban Najeriya saboda rikicin kwangila tsakanin wani kamfanin Sin da jihar Ogun. Jiha guda ta sa hannu, kayan ƙasa baki ɗaya aka kama.

Garin Shagari kansa ya san ɗacin wannan al'amari ta hannun ɗansa. Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulki a 1979 man fetur na tsada, bankunan Turai na rububin ba Najeriya rance. Da farashin ya karye, sai ga dokar tsuke bakin aljihu ta Afrilu 1982, ga kuɗin kayan da aka shigo da su an kasa biya, ga tattaunawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, ga juyin mulki a ranar ƙarshe ta wannan shekara. Bashin ya ci gaba da haihuwa ta kuɗin ruwa da tara a hannun gwamnatocin da suka biyo baya, har zuwa 2005 lokacin da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe dala biliyan 18, bisa sharaɗin Najeriya ta biya kimanin biliyan 12 cikin ƴan watanni. An biya. Ba a cika shekara ashirin ba tulin ya dawo ya wuce na da.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ƙasar da ke son titi da asibiti da madatsar ruwa ba za ta rasa cin sa ba. Abin dubawa shi ne me aka jinginar, wace kotu aka yarda ta yi hukunci in an saɓa, kuma ina kuɗin suka shiga. Bashin waje da jihohi ke ci ana cire shi ne tun daga Abuja, daga kason wata-wata, kafin kuɗin su iso Sakkwato balle Boɗinga. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wanda aka kafa a 2000, yana wallafa abin da ake bin kowace jiha, kuma duk mai waya a hannu zai iya dubawa. Ya kamata malaman makaranta da ƴan jarida da ƙungiyoyin matasa na Boɗinga da Shagari su riƙa duba wannan lissafi, kuma duk ranar da aka kai wa majalisar jiha buƙatar sabon rance, su nemi wakilinsu ya karanta musu sharuɗɗan kafin ya ɗaga hannu.